Keken Da Ba Shi Da Wurin Zamana

Yusuf, Sadiya, Auta, na daɗe ina jin ku kuna ba da labarin keken babanku, kuma duk wanda ya ɗauko shi a cikinku sai ya ƙara masa gishiri. A bakinku ya zama labarin wata baiwar Allah da littattafan soyayya suka juya mata kai, ta kwashi kuɗin firizarta ta shiga Kasuwar Wuse, aka liƙa mata rabin keke ta dawo gida tana murna. Ina taya ku dariya idan kuna yi, don ban ga amfanin ɓata muku hira ba. Amma ba haka aka yi ba. A shekarar da aka yi abin babu ɗayanku a gida: Yusuf yana hidimar ƙasa, Sadiya tana ɗakinta a Kaduna da goyon fari, Auta yana makarantar kwana. Abin da kuka sani daga bakin Kawu Isa kuka ji shi, shi kuwa ƙanin babanku bai taɓa ganin abin da na saya ya yaba ba, ko da allura ce. To, yau ku ji daga bakin wadda ta yi cinikin.

Shekarar ce babanku ya yi ritaya daga tuƙin motar ma'aikata. Mutumin da ya saba kafin rana ta fito ya goge mota ya tayar, ya san kowace kwana ta garin nan tun ana share daji, sai aka wayi gari babu wanda ke jiransa a ko'ina. Watan farko ya ce hutu yake. Wata na biyu ya fito da farar kujerar roba ya ajiye a ƙofar gidanmu na Durumi, daga nan kuma kujerar ta zama gidansa. Daga masallaci sai kujera, daga kujera sai masallaci. Rediyo na kan cinyarsa amma ba ya kunnawa. In kai masa tuwo, ya gutsura sau biyu ya ture. In yi masa hira, ya ce uhm. Ban taɓa sanin mutum zai iya yin nisa haka yana zaune taku uku daga murhuna ba. Da ƙafafunsa suka fara kumbura na ja shi asibiti da ƙyar, likita ya ce sikari ne ya hau, jini ma ya hau, ya rubuta magani, sannan ya dube ni, ba shi ba, ya ce:

"Hajiya, magani zai yi nasa. Amma idan bai tashi ya motsa jiki ba, kujerar nan ce za ta kwantar da shi."

Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka. Na ce mu riƙa takawa da yamma zuwa bakin titi, ya ce shi ba akuya ba ne da za a fita da shi kiwo.

Wata Asabar da sassafe na fito da kulolin zoɓo da kunun aya zan kai wa masu saye, sai na ga kujerar babu kowa. Na ajiye kulolin. Na bi hanya har bakin babban titi, can na hango shi tsaye, hannuwansa a baya, tsawon nan nasa ya fi na kowa. Wasu mutane ne ke wucewa a jere a kan kekunan tsere, kansu da hular kwano, sun sunkuya kamar masu neman wani abu a kwalta, tayoyinsu na wani zuu mai laushi. A cikinsu har da masu furfura. Ni ba su na kalla ba, fuskarsa na kalla. Wallahi fuskar saurayin da na aura na gani, ta leƙo ta cikin ta tsohon kamar fitila a bayan labule. Bai ɗauke ido ba har na ƙarshensu ya sha kwana, sannan ya juyo, kafaɗunsa suka sake zubewa, ya koma kujerarsa. Asabar ta gaba ma haka ya yi, da ta bayanta.

Sai na tuna abin da na manta. Da ƙuruciyarsa a Zariya ya yi tseren keke, da keken aro, har ya taɓa zuwa na biyu aka ba shi bargo. Kuma na tuna wani abu da ban taɓa mantawa ba. Ina da cikin Yusuf, ranar awo, ruwan sama ya hana motoci fitowa, ya ɗora ni a bayan baƙin kekensa na ƙarfe, na zauna a karkace na riƙe gefen rigarsa da yatsu biyu saboda kunya. Ƙasa na ƙamshi, gonakin dawa sun yi shar, yana tuƙi yana cewa in riƙe da kyau. Sau ɗaya tak aka yi wannan a rayuwarmu. Ni kuwa da na karanta littattafan kasuwa har ba na iya ƙirga su, na ga masoya a mota, na ga masoya a jirgin sama, ban taɓa karanta shafin da ya kai wannan safiyar ba. Nan take zuciyata ta gama rubuta labarin: zan saya masa keke, zai warke, wata rana da yamma zai ce in hau, mu zaga bayan unguwa inda babu idon mutane.

A watan ne kwasar adashina ta zo. Shekara guda ina zubi don in sayi firiza, in huta da sayen ƙanƙara, in ƙara yawan zoɓo. Na faɗa wa maƙwabciyata Madam Rifkatu abin da ke raina. Kun san ta, tsohuwar nas ɗin nan 'yar Filato da ke yi muku allura kuna gudu. Ta tafa hannu ta ce:

"Maman Yusuf, kin haukace, amma haukan mai kyau ne. Akwai wani shago a Wuse yana yi rangwame, mai shi yana so ya kwashe manyan keke ya sa na yara kafin Kirsimeti. Sa mayafi, mu tafi."

Shagon na wani Bakatsine ne, Alhaji Mamman, mai faɗin fuska da tsagar dariya a ido. Kekuna ne jere a ƙofa, an liƙa musu jan takarda alamar an rage kuɗi. Idona bai wuce na farko ba. Ja ne wur, yana sheƙi kamar sabon kwanon jere, kansa a lanƙwashe irin na masu tsere, ga ƙararrawa, ga fitila, ga madubi, ga marfin taya mai tare laka. Sannan a bayansa ga kariya mai faɗi, har da 'yar katifa baƙa a kai. Na dafa katifar nan, na ji taushinta, na ji kamar an yi ta ne da awona. Na gwada ɗaga keken, bai ko motsa ba sai da na sa hannu biyu. Raina ya yi fari. Ku san yadda aka tashe mu: tukunya mai nauyi ita ce tukunya, shadda mai nauyi ita ce shadda, dutsen guga, turmi, katifa, kowane abu ɗaga shi ake a ji. Abin da ba shi da nauyi na banza ne.

"Alhaji, wannan nawa?"

"Hajiya, wa za a saya wa?"

"Maigida."

"Kasuwa zai riƙa zuwa da shi, ko gona?"

"Tsere zai yi. Irin na mutanen nan masu fita ran Asabar."

Ya dube ni, ya dubi jan keken, ya shafa gemu. Na ga ciniki da gaskiya suna kokawa a fuskarsa.

"In don tsere ne, Hajiya, wannan ado ne kawai. Kan tsere aka sa masa, amma jikinsa na dakon buhu ne. In ya bi mutanen nan da shi, kafin su kai filin wasa sun manta da shi a baya."

Ya fito da wani daga ciki, shuɗi, na hannu, ya ce daga waje aka kawo shi, kuma ya fi kowanne araha. Na ɗaga shi da hannu ɗaya ya taso kamar kwando. Na ajiye da sauri.

"Haba Alhaji! Don ka ga mata ne? Wannan ai gwangwani ne. Maigidana in ya zauna a kai sai dai a kwashe su tare."

Madam Rifkatu ta yi dariya har tana dafa kafaɗata.

"Maman Yusuf, ba tukunya kike saya ba. Wannan abu, rashin nauyi ne kuɗinta. Mutum ne zai tura da ƙafa ya hau tudu. Kina so tsoho ya ja ƙarfe kamar jaki?"

Na ji kunya, amma na ji maganar. Sai dai akwai abin da na iya wanda ba sai an koya mini ba. Tun ina yarinya nake bin kakata kasuwa, kuma abu guda ta dasa mini: in aka rage maka kuɗi, kada ka tambayi nawa aka rage, tambayi me ya sa. Na durƙusa gaban shuɗin keken ina bin jikinsa da yatsa kamar yadda ake bin tulu. A ƙasa, inda ƙarafa suka haɗu kusa da feda, akwai wata sabuwar sitika mai hoton walƙiya, alhali duk sauran fentin ya dushe. Na sa farce na ɗaga gefenta. Tsaga ce siririya kamar gashi.

Alhaji Mamman ya sunkuya ya gani, ya yi salati.

"Wallahi haka aka kawo mini shi cikin kaya, ban duba ba. Kai, Allah Ya kiyaye. Wannan a gangare zai rabu biyu da mutum." Ya tura shi can ƙuryar shago. "Hajiya, kin fi ni ido."

Da na ɗaga kai ina miƙewa ne na ga na ukun. Yana rataye a rufin shagon da ƙugiya, launin toka, ƙura ta yi masa mayafi. Ba ƙararrawa, ba madubi, ba fitila, ba komai. Tayoyinsa sirara kamar yatsa, sirdinsa kamar harshen wuƙa. Shi ma da jan takardarsa, har ta koɗe.

"Wancan fa, me ya yi aka rataye shi?"

"Wancan sabo ne fil, ba a taɓa hawansa ba. Ya fi duk abin da ke shagon nan. Laifinsa ɗaya, tsawo. Kuskure na yi na saro shi. Duk wanda ya zo ya hau sai ƙafarsa ta kasa kaiwa. Na rage kuɗi, na sake ragewa, an fito da sabon yayi an wuce shi, har na gaji na rataye. Shi keken tsere kamar takalmi ne, Hajiya. In ba awon mutum ba ne, ko kyauta aka ba shi ya yi tsada."

Ni da Madam Rifkatu muka dubi juna.

"Oga Dogo," in ji ta, sunan da take kiran babanku da shi ke nan.

Alhaji ya ce in kawo maigidan a gwada, ko in auno masa tsawon ƙafarsa daga ƙasa zuwa inda wando ke rabuwa. Na rufe baki da mayafi. Mutumin da shekara talatin ban taɓa kiran sunansa ba, shi zan tunkara da tef in ce ya ware ƙafa? Kuma in na ce ya biyo ni kasuwa, na san amsar. Muka dawo gida hannu wofi.

Kwana biyu ina tace zoɓo ina juya maganar. Ba awon ne ya dame ni ba, wannan na riga na samo dabararsa. Baƙar katifar nan ce ta dame ni. Duk inda na juya sai in ga kaina a kanta, mayafina na kaɗawa. Jan keken ya fi sauƙin kuɗi, har zan samu canjin da zan fara wani zubin. Kowa ya gan shi zai ce an yi sayayya. Kuma yana da wurina. Mai launin toka kuwa mutum ɗaya aka yi wa shi, ko jakar leda babu inda za a rataya. Idan ya karɓe shi, zai ɗauke mini miji ne ya tafi da shi inda ba zan iya bi ba. Na zauna a kan turmi na yi wa kaina tambayar da nake gudu: wa nake saya wa keken nan, shi ko ni? Na leƙa ƙofar gida na ga ƙeyarsa a kan farar kujera, ƙuda na yawo a kan tuwon da bai ci ba. Fuskar nan da na gani a bakin titi ba don ya tuna ni ta haska ba. Gudu ya tuna. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Na share hawayena da bakin zane, na shiga ɗaki na ɗauko wandonsa na kakin aiki, wanda tela ya yi masa daidai jiki, na naɗe na sa a jaka.

Da na zaro wandon nan a tsakiyar shago na warware, sai da maƙwabtan Alhaji suka leƙo. Wani mai sayar da tayoyi ya ce:

"Hajiya, shi mai wandon yana ina? Ko a haka zai yi tseren?"

"Yana gida yana hutawa. Wandon ma ya ishe ku."

Aka sauko da keken, aka kaɗe ƙura. Alhaji Mamman yana dariya yana auna ƙafar wandon da tef, ya auna keken, sai dariyar ta tsaya.

"Ikon Allah. Kamar da shi aka je masana'anta."

Ban yarda da baki ba. Na sa aka ɗaga shi aka juya kowace taya ina kallo ko za ta yi rawa, ba ta yi ba. Na sa aka matsa birki gaba da baya. Na sa ya juya feda yana sauya sarƙa daga haƙori zuwa haƙori har ta gama hawa ta sauko, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na bi jikinsa kaf da yatsa, ƙwarzane ɗaya na samu inda ƙugiya ta ci fenti, kuma na sa an rage mini kuɗinsa. Madam Rifkatu ta tambayi ko ana samun irin tayar a garin nan in ta fashe, ya nuna mana su a rataye. Robar tayoyin da ke jiki ta bushe saboda daɗewa, na ce ba zan ɗauka ba sai an canza. Ya ce albarka, na naɗe wandona na kama hanya. Sai da na kai bakin layi ya kira ni.

"Dawo, Hajiya. Wa zan sayar wa in ba ke ba? Sai na jira wani dogon ya yi ritaya?"

Ya sa sababbin tayoyi, ya haɗa mini da famfo da hular kwano, ya sallama. Duk da rangwamen, kwasar adashin ta tafi gaba ɗaya, kuɗin tasi ma Madam Rifkatu ce ta biya. Da za mu fita na wuce ta gaban jan keken ban kalle shi ba.

Ina cikin tasi ina tsara yadda za a yi: zai miƙe, idonsa zai ciko, zai faɗi wata magana da zan riƙe har kabari. Muka iso. Direba ya sauke keken ya jingina da bango. Babanku ya dube shi daga taya zuwa taya, ya daɗe. Sannan ya ce:

"Wa ya aike ki?"

"Babu."

"Ina firizar?"

Na nuna keken.

"Ki mayar. Ni da furfurata, ina sahun gaba a masallaci, in hau wannan in turo baya sama yara su bi ni da ihu?"

Ya juya kujerarsa ta kalli wancan gefen.

Ba a mayarwa, an riga an sallama. Na shigar da shi falo na jingina. Ran Juma'a Kawu Isa ya zo, ya zagaya shi yana riƙe ciki.

"Matar Yaya, ina sauran? Ba ƙararrawa, ba kariya, ko ƙafar jinginawa babu. Rabin keke aka ba ki, sauran sai kin cika kuɗi? Kai, ɗaga ka ji, Yaya! Kaza ta fi shi nauyi."

Daga nan labarin ya samo asali, har ya iso kunnuwanku.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi wuya. Zafi ya shigo, ƙanƙara ta yi tsada, wani lokaci ma babu. Zoɓona ya riƙa isa ofisoshi da ɗumi, wata mata mai firiza ta zo ta kwashe rabin masu sayena, kuma har yau ba su dawo ba. Keken na falo, babanku ya mayar da shi wurin rataye babbar riga. Kullum in na wuce sai in ji kamar yana mini dariya. Sai dai na lura da abu ɗaya: duk sanda zai ɗauki rigar, sai ya matsa taya da babban yatsa, a ɓoye, kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi.

Wata safiya ina shara na ga sarƙar ta fara jan tsatsa saboda danshin bango. Abin ya ba ni haushi, dukiyata ce. Na fito da shi tsakar gida, na ɗauko kwalbar man gyaɗa da tsumma, kamar yadda nake yi wa wuƙaƙe da injin markaɗe. Na tsiyaya a murfi ke nan, sai na ji tsawa daga ƙofar gida.

"Ke! Me za ki yi?"

"Mai zan sa masa."

"Man gyaɗa? A sarƙar keken tsere? Ƙosai za ki soya?"

Yana tsaye a kaina. Rabon da in ji muryarsa ta cika gidan nan har na manta.

"To, ai ba mai shi. Ni kuma abin da na iya ke nan. In na gama ma zan ɗaure masa kwando a gaba, in sa a riƙa kai mini zoɓo da shi."

"Kwando!" Ya karɓe tsumman daga hannuna. "Matsa. Matsa, don Allah, kafin ki kashe shi. Kin san abin da kika saya kuwa?"

"Rabin keke, in ji Isa."

"Isa me ya sani? Isa ko amalanke bai iya turawa ba."

Kun sha tambayata ko da gangan na yi. Man gyaɗar da gaske nake, ban san yana kama ƙura ya daskare ba. Maganar kwando kuwa, wannan daga littafi na koyo ta.

Ranar bai koma kujera ba. Ya aika aka sayo man keke, ya kwance, ya goge, ya ɗaga sirdi ya sauke, yana magana shi kaɗai. Washegari bayan asuba na ji ƙarar ƙofa a hankali. Ya dawo kafin rana ta yi zafi da gwiwa a goge da jini, yana haki, ya ce kwalbati ce ta shigo masa hanya. Madam Rifkatu ta wanke ciwon tana yi masa faɗa, shi kuwa yana ta murmushi kamar wanda aka ba sarauta. Ɗan guntun wandon nan mai matse jiki na masu tsere dai ya rantse ba zai sa ba, sai na kai wa tela wandunansa biyu aka tsuke musu ƙafa don kada sarƙa ta kama. Da su ya fara bin mutanen Asabar, a can baya, su tsaya su jira shi. Suka sa masa suna Baba Dogo. Kumburin ƙafa ya saɓe. Tuwo ya fara ƙarewa a kwano. Likita ya rage magani. Ni kuwa Asabar ta zama ranar da nake karin kumallo ni kaɗai, in tsaya a bakin titi in ga wucewarsu, ya ɗaga mini yatsu biyu daga kan keken ba tare da ya juyo ba. Abin da na samu ke nan, yatsu biyu, kuma na saya da idona a buɗe.

Da damina ta kusa ƙarewa suka shirya doguwar tafiya zuwa Uke, can kan hanyar Keffi, su je su dawo a yini ɗaya. Na ce kada ya je: ga tudun nan na fita gari, ga cunkoson Maraba, ga manyan motoci. Ya ce in yi masa addu'a kawai. Na cika masa gora biyu, na sa dabino a aljihunsa.

Azahar ta yi, shiru. La'asar ta yi, shiru. Wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa aka ɗauke. Na kasa zama a ciki, na fito ƙofar gida. Madam Rifkatu ta fito ta tsaya kusa da ni. Mutanen masallaci suna zaune a kan benci, Kawu Isa ma yana cikinsu, yana cewa ai shi tun farko ya faɗa. A raina ina cewa, ya Allah, in wani abu ya same shi, da hannuna na saya.

Sai ga shi ya shawo kwanar layinmu, a hankali, keken na ɗan tangaɗi. Ya jiƙe sharkaf, laka ta yi masa layi daga ƙugu har ƙeya. A bayansa ya goya wani ƙunshi da rawani kamar mai goyon jariri, ƙamshin gasasshen kifin Uke ya riga shi isowa. Masu benci suka miƙe suna kabbara da dariya. Ya tsaya daidai gabana, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya gwada ɗago ɗayar ya tsallake sirdi, ta ƙi.

Kawu Isa ya taho da sauri zai kama shi. Ya ɗaga masa hannu.

"Bari, Isa." Ya dube ni, idonsa jajir, yana dariya ba sauti. "Mai keken, zo ki sauke ni."

A gaban liman, a gaban maƙwabta, a gaban duk layin, mutumin da bai taɓa riƙe hannuna a waje ba ya ɗora hannunsa a kafaɗata ya sakar mini nauyinsa gaba ɗaya. Lakar jikinsa ta ɓata mini sabon mayafi. Ina jin bugun zuciyarsa a gefen kunnena, da ƙarfi, kamar ta saurayi. Madam Rifkatu ta karɓi keken ta yi gaba da shi. Daga inda muke zuwa ƙofar gida ba nisa, amma na rage tafiyata sosai.

"Ki yi sauri mana, ana kallonmu," ya ce a hankali.

Na ce, "Su kalla."